Hular Alƙali a Kan Ƙusa

Shekara ashirin da bakwai ina buga hukunci,
yatsuna sun san "kotu ta gamsu" ko ido a rufe.
Tafireta ta mutu, kwamfuta ta gaje ta,
fankar sama na nan da tsohon kukanta,
ni ma ina nan, Asabe mai buga takardu, a wata kotun Zariya.

Mai shari'a Ɗalhatu ko goro ba ya karɓa,
wai kada wani ya hango ƙofa.
Gabashin Turai ya yi karatu.
Ya dawo da tari, da kwat mai nauyin bargo,
da hoton wani dogo, Miroslaf,
su biyu cikin ƙanƙara, haƙora waje, ana dariya.

Sai ƙarar akwatin zaɓe ta zo.
Unguwa ce da zan iya lissafa ta zaure-zaure:
ƙuri'a dubu huɗu daga rumfar mutum ɗari shida.
Har Baba Maikano ya dangwala,
shi da aka kai makwanci bara, azumi na ashirin da ɗaya.

Mai shari'a ya zare tabarau, ya ce, "Rubuta."
Na rubuta. Shafi goma sha tara.
Wayarsa na ta shure-shure a tebur kamar yankakkiyar kaza.
Ya kife ta.
Ya ce in sa aya bayan kalmar "gaskiya".

Zamanin soja mun san abinmu:
rediyo ya saki badujala da asuba,
kowa ya janye ɗansa daga bakin hanya.
Wannan karon ba badujala.
Ɗan aike ne a babur, har da cire takalmi,
farin ambulan, jan hatimi:
ƙarin girma! Shugaban kwamitin tsofaffin fayiloli.
Ofis ba taga, albashi ya ƙaru,
aka yi walima, da lemo da naman suya.

Na je gaishe shi Gyallesu bayan la'asar,
na tarar wasiƙar dogon ta iso.
Yana karantawa yana juya mini da Hausa:
"Ka tuna gunkin tagullan dandali?
Da igiya muka ja shi ƙasa muna samari,
muka kaɗe hannu, muka ce shi ke nan.
To, majalisa ta zauna ƙarfe biyun dare,
ta rage shekarun ritaya da biyar.
Da safe katina ya ƙi buɗe ƙofar kotu.
Ba wanda ya zage ni. An ba ni agogo.
Mai gadi ne kaɗai ya ji kunya."

Ya ninke takardar gida huɗu.
Ya daɗe yana kallon rufin zaurensa.
"Gara ba ta sallama, Asabe.
Azara na nan, shafe na nan,
mai wucewa ya ce kai, ga gini!
Sai daren da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya."

Sabon alƙali yaro ne mai ladabi,
har ƙasa yake gaishe ni.
Hukuncinsa a buge yake zuwa, daga ina ban sani ba,
nawa in duba waƙafi.
Ran Talata na ga an yi tuntuɓe:
kwanan watan hukunci ya riga ranar jin shaidu.
Na gyara.
Allah Ya yafe mini, da hannun nan na gyara,
saura shekara uku fanshona, kuma gidan na haya.

Hular tsohon na nan a ƙusa bayan ƙofa,
bai aiko a ɗauka ba, gizo-gizo ya kama ɗaki.
Shafi goma sha taran nan suna gindin adakata,
ƙarƙashin atamfar da na ajiye wa Sakina.

Ita tana Kongo, aji uku, karatun lauya.
Daren jiya ta ɗago daga littafi:
"Mama, in an danne alƙali, wace kotu zai kai ƙara?"
Na ce tuwonki na hucewa.
Na ƙara mata miya.